Ni Ce Mai Ruwa da Tsaki

"Ni ban ce saurayin naki mutumin banza ba ne," in ji Yaya, yana juya makullin motarsa a yatsa. "Cewa na yi aikinsa a rataye yake. Ya ci jarrabawar nan, ya kawo mini takarda, in ba shi ke. In bai ci ba, kada ki ƙara kawo mini maganarsa."

Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafar Mama, na ɗago na kalle shi.

"Yaya, jarrabawar fa an canza ta gaba ɗaya."

"Kowa aka canza wa, ko shi kaɗai?"

Tun da Abba ya rasu Yaya ne uba a gidanmu, kuma tsakani da Allah ya riƙe mu, ba zan yi masa butulci ba. Sai dai shi mutum ne da in ya faɗi magana sai ya kau da kai, kamar mai shago ya ja ƙofa. Mama ta dafa kaina.

A kamfanin gine-gine nake aiki, ni ke tsara jadawali: yaushe za a zuba kankare, yaushe rodi zai iso, yaushe kafintoci za su shigo. Wanda nake so shi ke riƙe da ginin asibitin yara da muke yi. Leburori ne suka laƙaba masa Dattijo, ba don ya tsufa ba, sai don ko gini ne zai rufto masa a ka sai ya gama gyara hular kwanonsa kafin ya matsa. Shekaru yana shugabantar aiki ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Kwatsam masu ba da kwangila suka fito da doka: duk wanda zai shugabanci aiki sai yana da satifiket ɗin ƙwarewa a kan gudanar da ayyuka. Dattijo ya zauna jarrabawar bara. Ya haddace littafin kamar ya cinye shi, ya shiga ɗaki ya tarar an sauya salon tambayoyin, ya faɗi warwas. Kamfani ya ce saura masa dama ɗaya. In ya sake faɗuwa za a sauke shi a kawo wani a kansa. A wannan zangon ni ma aka sa sunana.

Da a ce iyakar matsalar ke nan, da sauƙi. Amma akwai abokin Yaya tun na makaranta, mai cibiyar da kamfani ya tura mu horo. Malam Satifiket muke ce masa a bayan idonsa, domin bangon ofishinsa ko wurin rataya agogo babu, duk takardu ne a cikin gilashi. Tun ranar da ya gan ni a ajinsa ya wuce kai tsaye wurin Yaya ya ce yana ciki. Ni ko sannu ta kirki bai taɓa yi mini ba kafin nan.

Don haka kullum da rana, idan leburori suka tafi cin abinci, ni da Dattijo sai mu shiga kwantenar da muke ofis a cikinta, mu bar ƙofa a buɗe, mu kunna fanka da kwamfuta. Ƙurar siminti a kan teburi, a kan takardu, har a cikin kofin shayi.

"Mai Jadawali," haka yake kirana, "ni fa tsohon salon ya fi mini mutunci. Tambaya ɗaya, amsoshi huɗu, ɗaya ce gaskiya. Ka zagaye ta ka wuce. In ka yi shakka ka dawo ka goge."

"To wancan ya mutu, Allah ya ji ƙansa. Matso ka gani."

Sabon salon kuwa sai wanda ya gani. Wata tambayar a ce ka zaɓi biyu daga cikin biyar, in ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya duk ka tashi a banza. Wata a watsa maka akwatuna a fuskar kwamfuta, ka riƙa jawo su kana jerawa, wannan kafin wancan. Wata a nuna maka zane a ce danna inda matsalar take. Sannan an raba jarrabawar sashe-sashe. In ka gama sashe ka danna rufewa, shi ke nan, ko kuka za ka yi ba zai sake buɗewa ba.

Duk waɗannan Dattijo ya koye su. Jera akwatuna ma ya fi ni, don mutumin da ya san ba a ɗora bene kafin ginshiƙi ya bushe ba ya rikicewa a jeri. Nau'i ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: tambayar labari. A ba ka dogon labari, a kawo amsoshi da kowace ka duba sai ka ga daidai ce, a ƙarshe a ce, me za ka fara yi?

"Saurara," na ce, ina karanto masa. "Kana shugabantar aiki. Ka lura wata ma'aikaciyarka aikinta ya ja baya, kana kuma zargin nauyin da ka ɗora mata ne ya yi yawa. Me za ka fara yi? Ka sauke mata nauyin ba tare da ta sani ba. Ka kai maganar wurin shugaban kamfani. Ka nemo wanda zai karɓe ta. Ko ka zauna da ita ka ji ta bakinta."

Ya shafa gemu. "In kai maganar wurin shugaba."

"Ka faɗi."

"Haba! Babba ai shi ake fara sanarwa. Haka aka rene ni."

"Kwamfuta ba ta san yadda aka rene ka ba. Sake."

"To in sauke mata nauyin shiru. Wannan ai tausayi ne."

"Ka sake faɗuwa! Kai jama'a, Dattijo, za ka kashe ni." Na buga biro a teburi. "Wa abin ya shafa? A kan wa zai faɗa? Ita ce mai ruwa da tsaki. Da ita za ka fara magana, kafin shugaba, kafin tausayinka. Wataƙila nauyin da kake gani ita ba nauyi ba ne a wurinta. Ta yaya za ka sani ba ka tambaye ta ba?"

Ya yi murmushin nan nasa mai sanyi. "Ranki ya daɗe, na ji."

"Ba ka ji ba. Jiya ma haka ka ce."

"Gobe zan ji."

Na harare shi, amma dariya ta ci ƙarfina. Wallahi a lokacin ko a cikin kwantenar nan aka ce in ƙare rayuwata da shi, da ƙurarta da zafinta, zan sa hannu.

Abin ya fara lalacewa ne ranar da Malam Satifiket ya yi mana jarrabawar gwaji. Ya tsaya a gaban aji da ƙaton agogonsa yana kiran sakamako da ƙarfi, kamar mai gwanjo. Da ya zo kaina sai ya cire tabarau.

"Ƙanwata, me ya faru? Ke ce kan gaba a ajin nan, yanzu kin zamo tsakiya." Ya juya ya kalli Dattijo. "Wani lokaci mutum yana ƙoƙarin ciro wani daga ruwa, sai a nutse tare."

Na ji kamar in tashi in kwaɗa masa littafi a ka. Gaskiya ne makina ya sauka, amma ba don kowa ba sai don a satin nan motar kankare ta yi ta ba mu ciwon kai, ban ko buɗe littafi ba. Dattijo bai ɗago ba. Shi ma makinsa bai kai ba, kaɗan ya rage.

Da aka tashi na hango su a bakin matakala. Malam Satifiket ya dafa kafaɗarsa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin ta mai ba da shawara don Allah. Dattijo yana ta gyaɗa kai. Da na ƙaraso suka yi shiru.

"Me ya ce maka?" na tambaye shi a hanya.

"Ba komai. Dabarun karatu."

"Dattijo."

"Ba komai, Mai Jadawali. Ki je gida ki huta."

Washegari na jira shi a kwantena har shayina ya huce, bai zo ba. Na fita na tambayi babban birkila, ya ce ai Dattijo ya ɗauki hutu sai bayan jarrabawa, ya bar wa mataimakinsa aiki. Na kira wayarsa, a kashe. Na ce a raina ƙila ya ɓuya ne ya yi karatu, na ma ji daɗi.

Da yamma na dawo gida na tarar da motar Yaya a ƙofa. Yana falo, Mama tana gefe idanunta sun yi ja.

"Zauna," ya ce. "Mutuminki ya zo wurina ɗazu."

Na zauna. "Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya zo da ladabinsa, ya gaishe ni, ya ce ya janye."

"Ya janye me?"

"Maganarki. Ya ce ya duba ya ga yana ja miki baya, kuma ba ya ganin zai ci jarrabawar. Ya ce kada in ɓata miki lokaci saboda shi, in ba wanda ya fi shi. Ni ma har ya ba ni tausayi."

Na kalli Mama ko za ta ce wasa ne, ta sunkuyar da kai.

"Ƙarya ne," na ce. Muryata ma ban gane ta ba. "Ba zai yi haka bai faɗa mini ba."

"Ni ne maƙaryacin?"

"Abokinka ne ya zuga shi! Na gan su da idona. Zan nemo shi, ya dawo ya janye janyewar."

Yaya ya miƙe. "Ya dawo ina? Mutumin da ya tako da ƙafarsa ya maido mini ƙanwata kamar kayan da bai yi masa ba? Ko da satifiket goma ya zo ba zai ƙara taka gidan nan ba. Ke ba ki da zuciya, ni ina da ita."

"Rayuwata ce, Yaya!"

"Ni ke da alhakinki!"

"Kai ba ubana ba ne!"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Fuskar Yaya ta canza, ya ɗauki makullinsa. Kafin ya kai ƙofa muka ji ƙarar kofi ya faɗi. Mama ce ta zame daga kujera, hannunta a ƙirji.

Hawan jini ne, in ji likita, kuma saura kaɗan ya taɓa mata ɓarin jiki. Aka kwantar da ita. Ni da Yaya muna zirga-zirga a baranda ɗaya, ko kallon juna ba ma yi. In ya shigo ɗakin in fita, in na shigo ya fita. Tsakanin ba ta magani da goge mata fuska, ina kiran wayar Dattijo. Na kira har na daina lissafi. Na tura saƙo na roƙo, na tura na faɗa, na tura na kuka. Na aika wurin ƙanwarsa, ta ce ya tafi wurin wani abokinsa karatu, ya ce kada a neme shi.

Da a ce sau ɗaya ya ɗauka, da sau ɗaya tak ya ce mini kuskure ya yi, wallahi da na tsaya a gaban duniya.

Wata safiya ina ba Mama shayi a cokali sai ta riƙe hannuna.

"Auta, ajiye kofin nan."

Na ajiye.

"Ku biyu kaɗai Allah ya bar mini. Jiya ina kallonku, kun wuce juna a bakin ƙofar nan kamar baƙi a tasha. Haka zan mutu in bar ku?"

"Mama, ki daina zancen mutuwa."

"Ya kira ki?"

Na girgiza kai, hawaye suka zubo.

"Ya aiko?"

"A'a."

"To me kike riƙe da shi, 'yata? Shi da bakinsa ya ce ya bari. Da yana nan tsaye yana cewa yana so, da ni da kaina zan tari yayanki, ko zai daina gaishe ni. Amma kina yaƙi da ɗan'uwanki a kan mutumin da ya ajiye ya tafi."

"Mama, ina son shi. Ban san yadda zan yi ba, ina son shi."

"Na sani. Ni na haife ki." Ita ma kuka take yi, hawayen yana gangarawa cikin kunnenta. "Ban ce ki auri mai takardun nan ba, ni ma bai kwanta mini ba, kuma zan faɗa wa yayanki. Abu ɗaya nake roƙo. Ki yi mini alkawari kin bar maganar wancan, har abada. Ko ya dawo, ko ina raye ko ba na raye. Kada ya sake shiga tsakaninki da ɗan'uwanki. Ki bar ni in kwanta da sanyin zuciya."

Na kalli wayata a kan gado. Fuskarta baƙa, shiru. Na kalli hannun Mama da allurar ƙarin ruwa a jiki, yana cikin nawa.

"Na yi miki alkawari, Mama."

"Tsakaninki da Allah?"

"Tsakanina da Allah."

Ta lumshe ido. Da Yaya ya shigo na gaishe shi, na ba shi haƙuri. Ya kalle ni ya ce, "Ya wuce, Auta," muryarsa a dushe. Ranar Mama ta ci abinci.

Ban sake ganin Dattijo ba sai ranar jarrabawa.

Ɗakin dogo ne, mai sanyi kamar cikin firji, kwamfutoci a jere, kowace da katanga ta katako a gefe. Aka karɓe mana wayoyi da jakunkuna. Ina zama na hango ƙeyarsa a layin gabana. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kau da kai, na ce a raina yau ko mutuwa zan yi sai na gama.

Na ja akwatuna na jera. Na zaɓi biyu daga biyar. Na danna zane. Can tsakiyar sashen farko sai ga tambayar labarin nan da na karanta wa Dattijo, an canza mata riga kawai. Wani ma'aikaci ne a wannan karon, aikinsa ya ja baya, kana ganin kai ne sila. Me za ka fara yi?

Haruffan suka narke a idona. Ban san ko tambaya ɗaya ake ba kowa ba, amma na ɗaga kai. Dattijo ya saki komai, ya dafe kansa da hannu biyu. Ya daɗe a haka har mai gadin jarrabawa ya matso ya leƙa shi. Sannan ya ɗago, ya goge fuska da hannun riga, ya ci gaba.

Da na kai ƙarshen sashen, kwamfuta ta fito da gargaɗinta: in kin rufe ba za ki iya dawowa ba, kin tabbata? Na zuba wa rubutun ido. Na danna.

Sakamako a nan take yake fitowa. Matar da ke bakin ƙofa ta miƙo mini takarda tana murmushi, ta ce barka. Na karɓa kamar an miƙo mini takardar wani.

A baranda na same shi, jingine da bango, takardarsa a hannu.

"Mai Jadawali."

Na tsaya.

"Na ci," ya ce. "Wallahi na ci. Duba."

"Barka. Allah ya sa alheri."

"Ke fa?"

"Na ci."

"Alhamdu lillahi." Ya matso taki ɗaya. "Ban kira kowa ba. Ko mahaifiyata ban kira ba. Ban je wurin Yaya ba. Wurinki na fara zuwa."

Abin da ya karya ni ke nan. Na toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

"Tambayar ta fito mini," ya ce, idanunsa sun kaɗa. "Ina karanta ta na ji muryarki. Wa abin ya shafa, a kan wa zai faɗa. A nan na gane abin da na yi. Na zaɓi amsar daidai, alhali na san a waje na riga na zaɓi ta banza. Har guda biyu na haɗa, na sauke miki nauyi a ɓoye, na kuma kai wa babba."

"Me ya sa, Dattijo? Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Malam ne ya ce makinki yana sauka saboda ni. Ya ce irinmu da muka saba da tsohon salo ba ma haye wannan. Ya ce in ina son ki da gaske kada in bari mu faɗi tare, ki rasa takarda ki rasa miji. Na kwana ina juya maganar, na ga gaskiya ce."

"Ka juya ta da wa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takardarsa.

"Da wa ka juya ta? Makina ya sauka ne saboda motar kankare! Da ka tambaye ni da na faɗa maka, mu yi dariya, mu buɗe littafi. Kullum muna zaune teburi ɗaya, kofinka yana taɓa nawa. Me ya fi tambayata sauƙi a duniya?"

"Na san in na zo gabanki ba zan iya ba. Shi ya sa na kashe waya. Na ɗauka tausayinki nake ji."

"Tausayi!" Na share hawaye, wasu suka biyo. "Yaya ya yanke hukunci a kaina bai tambaye ni ba, na ce ai Yaya ne. Malam Satifiket ya je neman aurena bai tambaye ni ba, na ce dama can ba shi da hankali. Kai kaɗai nake taƙama da kai. Kai kaɗai na ce ka san ni mutum ce, ina da baki. Sai ga shi ku uku kun zauna kun raba rayuwata, ni ce ta ƙarshen ji. Ni ce mai ruwa da tsaki, Dattijo. A kaina abin ya faɗa."

"Na sani. Ki yafe mini, don girman Allah." Hawaye ya sauko masa har cikin gemu, bai damu da masu wucewa ba. "Ga takardar da Yaya ya nema. Yanzu zan je. Zan durƙusa masa, ya zage ni, ya kore ni, gobe in koma. Ko shekara zan yi ina komawa. Ke dai ki ce mini in je."

"Mama ta kwanta asibiti."

Ya ɗago a firgice.

"Ranar da ka je wurin Yaya. Na yi faɗa da shi a kanka, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa ɗan'uwa, ta yanke jiki ta faɗi a gabanmu. Ina jinyarta ina kiranka. Ta tambaye ni ko ka kira, na ce a'a. Ta tambaye ni ko ka aiko, na ce a'a. Ta ce da kana tsaye da ita da kanta za ta tsaya mana." Na kalli cikin idonsa. "Ta roƙe ni in bar maganarka har abada, ko ka dawo. Na yi mata alkawari, hannunta a cikin nawa. Na sa sunan Allah."

Takardar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi a kan tayil. Bai sunkuya ba.

"A'a," ya ce a hankali. "A'a, Mai Jadawali. Za mu je mu roƙe ta. Uwa ce, za ta warware."

"Za ta iya warwarewa, don tana so na. Sannan Yaya ya tashi, gida ya sake kamawa da wuta, ta sake faɗuwa. Likita ya ce na biyu ba zai zo da sauƙi ba. Kana so in gwada da ran uwata?"

Ya koma ya jingina da bango.

Can ƙasan matakala muka jiyo muryar Malam Satifiket, ya zo taya ɗalibansa murna, yana faɗa wa wani cewa duk wanda ya bi ta hannunsa ba ya faɗuwa. Ko kallon wajen ban yi ba. Tuni Mama ta sallame shi kan maganar aurena, ya dai ƙi ji ne.

Na sunkuya na ɗauko takardar Dattijo, na kaɗe mata ƙura, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu kamar yaro.

"Ka riƙe aikinka," na ce. "Ka gama asibitin yaran nan. Na nemi a mayar da ni babban ofis, ba za ka riƙa ganina a kwantena ba."

"Kina so na har yanzu?"

"Kada ka tambaye ni wannan. Ka san amsar, kuma ba za ta amfane mu ba."

Na juya. Na kai bakin matakala sai na ji muryarsa a bayana, a karye, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"To ki faɗa mini, me zan yi yanzu? Me kike so in yi?"

Na riƙe ƙarfen matakala, na waiwayo na kalle shi, shi da takardarsa da ramammen wuyansa. Abin da na yi ta roƙo ke nan a cikin kwantena, kullum da rana, ina buga biro a teburi.

"Yanzu kake tambayata, Dattijo?" na ce.

Na sauka ina kuka, na tari mota zuwa gida, don lokacin maganin Mama ya yi.